Ajujuwan Masu Yawon Sallah a Dutse Idan Hadari Ya Haɗu

Da yake shekarar Musulunci tana gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, bukukuwan Sallah ba sa zama a yanayi guda, sai dai su riƙa ja da baya sannu a hankali har su zagaye damina da bazara da hunturu da kaka a cikin shekara 33 ko kusa da haka. Wannan ne ya sa daga 2017, lokacin da Babbar Sallah ta faɗo a farkon Satumba, zuwa 2023 da ta faɗo a ƙarshen Yuni, mutanen Dutse suka yi ta yin layya da yawon Sallah a cikin damina, musamman a 2018 da 2019 da idin ya zo a watan Agusta, tsakiyar marka, wato lokacin da ruwa yake sauka kusan kullum har ƙasa ta ƙoshi ta daina sha. Dutse, wadda ta zama babban birnin Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991, ba ta da manyan wuraren shaƙatawa irin na Disney da aka buɗe a jihar Fulorida ta Amurka a 1971, amma tana da abin da ya tsaya a madadinsu, wato kallon hawan sarki daga fadar Garu, da Hawan Bariki wanda sarki yake kai wa gwamna ziyara a cikinsa, da cincirindon dandalin Malam Aminu Kano, da hawa duwatsun da garin ya samo sunansa daga gare su, da 'yan wuraren lilo inda ake kai yara. Jarrabawar kuwa iri ɗaya ce a Fulorida da Dutse: mutum ya ci ado, yana tsaye a fili cikin cunkoso, hannunsa ɗaya riƙe da yaro, sai sama ta yi baƙi.

Kafin a rarraba mutane aji aji, wajibi ne a san halin ruwan da ake magana a kansa, domin hadarin wannan yanki yakan taso ne daga gabas, ya turo iska mai ƙarfi da ƙura a gabansa, sa'an nan ruwan ya kece yana zuwa a karkace, ya yi abin da zai yi cikin ɗan lokaci ya wuce yamma. Ruwan da yake zuwa daga gefe ba ya jin maganar abin da aka ɗaga a sama, saboda haka da wuya wani ya tsira da jikinsa gaba ɗaya, kuma abin da ya rage wa kowa shi ne ya zaɓi abu guda da zai ceta. A wannan zaɓin ne halin mutane yake bayyana.

Aji na farko shi ne na mai laima, wanda galibi ma'aikacin gwamnati ne ko malamin Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, kuma ana gane shi tun kafin ɗigo ya sauka, domin yana tafe yana dogara laimar a naɗe, fuskarsa tana nuna wanda ya hango abin da sauran jama'a ba su hango ba. Laimar da yake taƙama da ita, mai siraran ƙarafa irin waɗanda Samuel Fox ya fito da su a Ingila a 1852, an ƙera ta ne don yayyafin ƙasar da ruwa yake sauka cikin ladabi, shi ya sa da iskar gabas ta shiga ƙarƙashinta sai ta juye ta koma tana kallon sama, ta bar mai ita riƙe da sanda da ƙarafa a warwatse, yana kokawa da abin da ya kamata ya kare shi. Idan kuma laimar ta jure wa iska, to ba za ta jure wa zumunci ba, domin da zarar ta buɗu sai wanda ya sani da wanda bai sani ba su matso suna cewa, "Yallaɓai, a ɗan raɓa," kuma tun da kunya ba ta barin Bahaushe ya hana, kafin a jima mutum biyar sun cusa kawunansu, mai laimar kuwa yana can gefe, hannunsa kaɗai ne a ciki, ruwan da yake gangarowa daga bakin laimar yana zuba daidai cikin wuyan rigarsa. Wannan ne abin da masu hikima suke kira inuwar giginya, wadda na nesa ke sha. A cikin cunkoson kallon hawa yana da wani laifin kuma, domin tsinin ƙarafansa yana daidai da idon gajere da rawanin dogo, laimar tana tare wa na baya kallo, buɗe ta farat ɗaya kuma yana iya firgita doki. Sa'an nan akwai batun matsayi: laima tana cikin kayan sarauta, akwai bafaden da aikinsa shi ne ya riƙe ta bisa kan sarki yana jujjuya ta, don haka talakan da ya ɗaga tasa a lokacin da ta sarki take wucewa yakan ji idanun dogarai a kansa, ya sauke ta a hankali ko da ruwa yana zuba. Abin da zai rarrashe shi kaɗai shi ne cewa Jonas Hanway, wanda ake ambata a matsayin ɗaya daga cikin mazan farko da suka riƙa yawo da laima a titunan Landan a ƙarni na 18, ya sha ba'a daga masu keken doki na haya, waɗanda ranar ruwa ce ranar kasuwarsu, kuma duk wanda ya taɓa tambayar kuɗin adaidaita sahu ana tsakiyar ruwa ya san cewa jikokinsu a sana'a suna nan da rai.

Wani reshe na wannan aji shi ne mai laimar jam'iyya. Laima ce alamar PDP, wadda ta mulki Jigawa a ƙarƙashin Sule Lamido daga 2007 zuwa 2015, kafin APC mai alamar tsintsiya ta karɓa, saboda haka a gidaje da dama akwai laima mai launin kore da fari da ja da aka samo a wani gangami, kuma mai ita, idan ya riga ya sauya sheƙa, yakan tsaya a bakin ƙofa yana auna wanne ya fi sauƙi tsakanin jiƙewa da tsegumin majalisa. Adalci ya wajabta a faɗi cewa tsintsiya ba ta tare ruwa ko kaɗan, amma ita ake nema bayan an ɗauke, idan ruwan ya shiga ɗaki.

Mai rigar ruwa ya fi mai laima gaskiya a ilmance, tun da hannuwansa biyu a sake suke kuma iska ba ta da abin juyawa a jikinsa, wanda shi ne dalilin da ya sa a wuraren shaƙatawa na Fulorida, inda ake yawan yin ruwa da tsawa da yamma a watannin zafi, ake sayar wa baƙi siraran rigunan leda da ake zurawa ta ka. Sai dai tun da Charles Macintosh ya yi rajistar yadinsa mai roba a tsakani a 1823, ba a rabu da aibin wannan sutura ba, wato yadda take hana ruwa shiga haka take hana gumi fita, saboda haka wanda ya sa ta a kan babbar riga cikin zafin da yake gabatar hadari yakan isa gida a jiƙe kamar kowa, bambancinsa kawai shi ne ruwan nasa na cikin gida ne. A Dutse 'yan acaɓa da masu gadi ne suka riƙe wannan aji, domin ba wanda zai ɗinka shadda ta Sallah don ya rufe ta da roba.

Aji mafi yawan jama'a, kuma mafi cancantar nazari, shi ne na mutanen leda, waɗanda ba su fito da komai ba amma ba su rasa dabara ba. Shugabansu shi ne mai ceton hula, wanda ɗigon farko yana taɓa shi zai cire zanna bukar ɗinsa, wato hular nan da ake ɗinka wa ado da allura da hannu har a shafe makonni a kan guda ɗaya, ya naɗe ta ya tura ƙarƙashin riga, ya miƙa wa sama tsurar kansa. Lissafinsa ba na wauta ba ne, domin kai yana bushewa kyauta, hula kuwa idan ta jiƙe ta saki, sai an kai wa mai wankin hula ya wanke ta, ya sa mata sitaci, ya ɗora ta a kan katako ta koma tsaye, kuma wannan da kuɗi ake yi. Wanda ya fi shi zurfin tunani yakan nemi baƙar leda ya sa hular a ciki, kuma tun da a Babbar Sallah ledar da ta fi kusa da hannu ita ce wadda aka ƙunso soyayyen nama, hular takan tsira daga ruwa ta faɗa hannun mai. Akwai wanda yake barin hular a kansa ya rufa mata leda, ya ci gaba da gaisawa da manya cikin natsuwa a haka, ba tare da ya ga wani abin dariya ba. Bayansu akwai mai ceton takalmi, wanda yake rataye sabon takalminsa a hannu ya taka taɓo da ƙafa, da kuma saurayi mai ceton waya, wanda zai ƙulle ta a leda biyu ya cusa a aljihu, can kuma ya kwance ta don ya ɗauki hoton sauran jama'a suna gudu. Babbar asarar wannan aji ita ce sheƙin shadda, wanda 'yan bugu suke fito da shi ta hanyar dukan yadi da guduma ta itace a kan gungume, kuma ruwan minti biyar yake shafewa.

Mata ba su cika shiga wannan ruɗani ba, domin mayafi da hijabi sun riga sun zama rufi, kuma uwa takan tattara 'ya'ya uku a ƙarƙashin gyale ɗaya ta nufi zauren da ya fi kusa ba tare da shawara da kowa ba. 'Yar talla kuwa tana da farantinta a ka, amma ledar da ke hannunta gyaɗa take rufa wa, saboda ta san wanda za a tambaya idan ta koma gida.

Mutanen karkara da suke shigowa kallo daga wajen Kiyawa da Shuwarin da Jahun su ne suka fi kowa shiri, ko da yake ba a cika yaba musu ba. Manomi yakan ɗauki buhun taki da ya ƙare, ya tura kusurwa ɗaya cikin ɗaya har ya zama hula mai jela, ya kifa a ka ya rufe baya, makiyayi kuma yana da malafa mai faɗi, kuma kakanninsa sun san kabido, wato rigar ruwa da ake saƙawa da kaba. Babu ɗayansu da yake tsaki idan ruwa ya sauko, domin yayin da ɗan birni yake tunanin sitacin rigarsa, shi geronsa yake tunawa, sai a ji yana cewa, "Allah Ya sa mai amfani ne."

Masanin hadari aji ne na mutum ɗaya a kowace majalisa. Ba ya sauraren hasashen yanayi na hukumar NiMet, domin yana da nasa ma'aunin, wato ya dubi gabas ya ɗan runtse ido ya ce, "Wannan ba namu ba ne, Kano za shi," ko kuma, "Iska za ta watsa shi." Ba ya ɗaukar laima saboda ɗaukarta zai zama shakka a kan iliminsa, kuma idan ruwa ya yi masa duka yakan bayyana cewa wannan wani hadarin ne dabam ya biyo bayan wanda ya yi magana a kansa. Cutarwarsa ba ta tsaya a kansa ba, tun da bisa fatawarsa ce mutane da yawa suke barin tasu laimar a gida.

Masu fakewa kuwa sun yarda da ƙa'ida guda, cewa ruwan da ya zo da ƙarfi ba ya daɗewa, don haka sukan cika rumfar mai shayi da barandar masallaci da ƙarƙashin babbar laimar nan ruwan ɗorawa ta masu sayar da katin MTN, har mai sana'ar ya rasa inda zai ajiye gwiwarsa, kuma mai kunya a cikinsu yakan sayi katin da ba ya buƙata a matsayin kuɗin haya. Wannan ɗabi'a tana da dogon tarihi a yankin, ganin cewa zane-zanen shanu na Birnin Kudu, waɗanda Bernard Fagg ya yi nazarinsu a shekarun 1950, a ƙarƙashin rufin duwatsu aka yi su, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Kuskuren da ba na dariya ba a wannan aji shi ne fakewa a gindin dabino ko darbejiya da take tsaye ita kaɗai, ko tsayawa a ƙololuwar dutse da laima a ɗage, domin aradu ta fi faɗa wa abin da ya fi tsawo a wuri, dutsen da ya jiƙe kuma santsi gare shi.

Saura dattijo mai rawani, wanda girma ya hana shi gudu, yana tafiya da irin takun da ya fito da shi daga gida, ruwa yana bin gemunsa, 'yan rakiyarsa kuma dole su jiƙe tare da shi tun da ba a wuce babba a guje. Yara su kaɗai ne suke murna, kuma da ba don tsoron abin da zai biyo baya a kan kayan Sallah ba, da tuni sun tuɓe sun shiga.

Washegari kasuwa takan koma hannun waɗanda ba su je kallo ba. Mai wankin hula yana jera huluna a rana layi layi, 'yan bugu suna karɓar shaddar da suka buga kwana uku da suka wuce, mai gyaran laima yana ciro ƙarfe daga matacciya yana dasa wa mai sauran numfashi, masanin hadari kuma yana zaune a kusa da su, yana sanar da duk wanda ya tsaya cewa yau kam za a yi ruwa.