Ɗan Tarihi da Rundunarsa ta Yumɓu

Ɗan tarihi wani nau'in mutum ne da ake samu a ƙasar Talata Mafara, Bakura da Maradun, galibi tsohon malamin makaranta mai jiran kuɗin sallama. Ana gane shi da jakar leda cike da takardu da biro biyu a aljihun gaba. Ya san an gwabza a Tabkin Kwatto a 1804, amma shekarar haihuwar autansa sai ya tambayi uwargida.

Aikinsa na farko yawo ne. Yakan fara da Faru ta ƙasar Maradun, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna zamanin wa'azinsa a Zamfara, ya wuce kufan Alkalawa, birnin Gobir da aka ci a 1808, ya dire Giginya ta Sakkwato, inda aka kara da Turawa a 1903. Ko'ina ya sauka sai ya goya hannu a baya, yana nuna wa ɗan kabu-kabun da ya kawo shi inda dawaki suka ɓullo, shi kuwa yaro kuɗin jira yake lissafi. A nan gida manoma kan ɗauke shi ɗan awon gwamnati, kuma a ƙasar da madatsar ruwan Bakalori ta ci gonaki, baƙo mai auna fili da ido ba ya samun ruwan sha da wuri. Yanzu yawon ya ragu, domin wasu dazuzzukan ba su ji labarin an gama yaƙi ba, don haka mafi yawan hare-harensa a WhatsApp yake kai su.

Gidajen adana kayan tarihi, kamar na Waziri Junaidu a Sakkwato da Gidan Makama na Kano, nan ne wurin hutawarsa. Abokan tafiya kan ɗauki hoto a bakin ƙofa su nemi mai tsire. Shi kuwa yakan shiga ne don ya gyara wa mai bayani bayaninsa.

Aiki na biyu shi ne ya fi jawo masa magana. Yakan ɗebo yumɓu a bakin gulbi ya gina mahaya masu tsawon ɗan yatsa: lifidi na tsumma, kwalkwali na murfin kwalba, mashi na tsinken tsintsiya. Da gashin kaza yake shafa fenti, harshe a waje, har a kira magariba. A Ingila akwai shagunan da ke sayar da irin waɗannan ƙananan sojoji ga dattawa masu furfura. A Mafara sunan abin "babba da wasan yara". Tun da liman ya yi masa nasiha kan mutum-mutumi ya daina yi musu fuska, abin da ya buɗe ƙofar rigima, domin mahayi marar fuska kakan kowa ne.

Da zarar ya jera rundunar a kan faranti a zaure, masu zuwa gaisuwa kan fara da tambaya ɗaya: "Malam, ina kakanmu a nan?" Bincike na zaure ya tabbatar da cewa kowane gida na yankin jikan mai riƙe da tuta ne. Ba a taɓa samun jikan mai yi wa doki ciyawa ba, ko na mai dama fura a sansani, balle na wanda ciki ya murɗa masa daidai lokacin da aka buga tambari. Kowa sai an sa nasa a sahun gaba, har tutoci suka fi masu yawa, ɓangaren abokan gaba kuma ya zama fili fetal. Lokacin zaɓe abin yakan ƙaru: ɗan takara ya aiko da goro, washegari dokin kakansa ya fi na kowa tsawo, an kuma gano cewa asalin gidansu daga Gabas yake.

Abokan gabar rundunar na ainihi su ne akuya, jikoki, da uwargida mai neman farantinta. Wadda ta tsira daga waɗannan ba ta wuce damina ɗaya, domin ɗakin yana yoyo, kuɗin kwano kuma sun tafi wajen fenti.