Jam'iyyar 'Yan Zaman Gida Ce Ta Lashe Zaɓe

Ranku ya daɗe, dattawan majalisa, masu cewa yaran nan 'yan latsa waya ba abin da za su tsinana a siyasa. Tun kafin zaɓen 25 ga Fabrairun 2023 kuke faɗin cewa babu akwatin ƙuri'a a Facebook. Na ji. Ku gyara zama mu ɗan yi lissafi, ba faɗa na zo yi ba.

Peter Obi, wanda kuka ce jam'iyyarsa ko ofishin kirki ba ta da shi, ya tashi da ƙuri'a miliyan 6.1. Ya ɗauke Abuja, ya kuma bi Tinubu har Legas ya kayar da shi a gida. Kwankwaso da 'yan jar hula suka kwashe Kano da ƙuri'a kusan miliyan ɗaya. Su wa suka kai dare a rumfa suna haska fitilar waya ana ƙirge? Ba kai ba ne, Alhaji. Kana kan tabarma kana jiran rediyo ya ba ka labari.

Na san abin da za ku ce: to, wa aka rantsar? Tinubu, da ƙuri'a miliyan 8.8. INEC ta yi alkawarin ɗora sakamakon kowace rumfa a intanet nan take, sai na shugaban ƙasa ya ƙi hawa a kan kari, aka ce tangarɗar na'ura ce. Atiku da Obi suka garzaya kotu. Ranar 6 ga Satumba aka kori ƙararsu, ranar 26 ga Oktoba Kotun Ƙoli ta rufe babin. Kuka yi ta dariya har da tafa hannu.

Ku ɗan rage dariyar tukuna. Mutum miliyan 93 ne suka yi rajista, kimanin miliyan 25 suka fito. Ina sauran miliyan 68? Suna jam'iyyarku. Ba ta da tuta, ba ta da shugaba, ba ta buga fosta ko ɗaya ba, amma ta ninka ƙuri'ar shugaban ƙasa sau bakwai da ɗoriya. Manufofinta biyu ne kacal, “duk kanwar ja ce” da “ai an riga an rubuta”. Barka da nasara, Allah ya taya riƙo. Sai dai da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, ban ji an ce gidan mai ya yi wa 'yan jam'iyyar rangwame ba.

Ku kuma samari, kada ku yi saurin shewa. Masu shekara 18 zuwa 34 da ke cikin rajistar zaɓen 2023 sun kai miliyan 37, wato sun fi duk waɗanda suka kaɗa ƙuri'a yawa. Ashe da yawanku a jam'iyyar su Baba kuke, bambancin dai ku da data a wayarku. Ga dokar 2018 da ta sauko da shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai daga 30 zuwa 25. Amma a manyan 'yan takara huɗu, ɗan autan shi ne Obi, yana da shekara 61.

Mu koma kan “an riga an rubuta”, don nan ne nake jin daɗin riƙe ku. A Kano, APC, jam'iyyar da ke mulkin jiha da tarayya a lokacin, ta faɗi kujerar gwamna. Wa ya rubuta wannan? Da kotun sauraren ƙarar zaɓe ta zabtare wa Abba Kabir Yusuf, wanda ya ci kujerar, ƙuri'a 165,663 a watan Satumban 2023, kuka ce ai dama kun faɗa. Kotun ɗaukaka ƙara ta bi sahu, kuka ƙara cewa kun faɗa. Ranar 12 ga Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da kujerarsa, sai majalisa ta koma hirar tsadar buhun masara.

Abu guda zan ba ku gaskiya a kai, shi ma ba da son raina ba: zuga ba ta riƙe jam'iyya. 'Yan jar hula sun shekara da shekaru suna da mutum a kowace mazaɓa. Jam'iyyar Labour da Obi ya yi takara a cikinta kuwa, ana gama zaɓe ta faɗa rikicin shugabanci, wasu daga cikin 'yan majalisar da matasa suka sha rana dominsu suka tattara nasu ya nasu zuwa APC. A nan kun ci, ku riƙe maki ɗaya.

Yanzu sai ka ɗauko katin zaɓenka mu gani, Alhaji. A'a, wannan na banki ne. Hajiya ta ce rabonta da ganin wancan tun 2015, ka duba aljihun babbar rigar da ka ba wa ƙaninka.