Ɗakin Amarya Mai Taya Biyu

Ni mutum ne da ba ya iya sayen abu shi kaɗai. Ko ni ɗaya na shiga kasuwa, akwai jama'a cike da kaina: abokan majalisa, surukaina, malaman da muke koyarwa tare, har da wani ɗan ajinmu na firamare da rabona da shi tun kafin in yi aure. Su suke zaɓar mini kaya. In mai shago ya ɗauko abu biyu, ɗaya mai ƙarko ɗaya mai walƙiya, sai in waiwaya in dubi fuskokin mutanen nan, in ga wanne zai sa su ce "kai!" Da haka na taɓa sayen takalmin da ya matse ni don an ce ƙirar Italiya ne, na yi Sallah guda ina taka gefen ƙafa. Wannan kaina na cuta, da sauƙi. Babbar ta'asar kuwa a kan dabba na yi ta, wadda ba ta da bakin kai ƙara wurin mai unguwa.

Mu mutanen Bacirawa ba baƙin doki ba ne, ko da yake da ido muka fi saninsa. Muna yara ake kai mu kallon Hawan Fanisau, wanda Sarkin Kano kan rufe hawan Babbar Sallah da shi, mu dawo mu yi ta sukuwa da dokin kara har magariba. Yanzu ma duniya ta san da abin, tunda a Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da ake tattali. Amma a gidanmu ba a taɓa kafa turken doki ba, jakuna ne gadonmu. Saboda haka da ɗana na fari ya yi nisa a allo, sai na tafi Maigatari ranar Alhamis, ranar kasuwa, na sayo masa kuru, ɗan gajere, ja, mai sanyin hali. Na gaya wa kowa don yaro na saya. Allah ya sani yaron keke ya roƙa.

A bayan akori-kura aka kawo shi, tsakanin raguna. Motar ta tsaya daidai majalisarmu, wani ya leƙa ya ce, "Malam, wannan ragon naka fa ya yi doguwar fuska." Aka bushe da dariya, ni ma na yi, amma a daren ban yi barcin kirki ba. Kafin asuba na samo hujja. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, hayar mota ta zama abin da ta zama. In ana hawan angwanci a Bichi ko Ɗambatta, da me za a kai kuru? Gara in ƙera amalanke nawa, in maƙala a bayan tsohuwar motata. Tattali ke nan. Haka na bayyana wa uwargida, ta ce, "To, Malam, Allah ya sa alheri," da irin muryar da take yi wa yaro in ya ce zai kama tsuntsu da hannu.

Na shiga waya neman samfuri. Ashe a Amurka akwai dawakin da ake kiwo ƙanana da gangan, wata ƙungiyarsu ma ba ta rajistar wanda ya wuce inci 34, kuma har 'yan tireloli ake ƙera musu daidai jikinsu. A ƙasan kowane hoto akwai dogon bayani, yanzu na san abin da yake cewa: daɓe kusa da ƙasa, taga daidai hancin dabba, zoben ɗauri daidai tsayinta. A lokacin ban karanta ko layi ɗaya ba. Fenti na kalla.

Mai waldar da na je wurinsa a bakin titin Katsina dattijo ne, ya ƙera amalanken shanu da kurar ruwa ba adadi. Ya karɓi wayar, ya duba, ya miƙo mini. "Alhaji, daga ƙasa zuwa ƙirjinsa nawa ne?" Ban taɓa zuwa Makka ba, amma ban gyara masa ba. Na nuna da hannu, wajen nan haka. Ya tambayi nauyinsa, na ce ba shi da nauyi. Ya tambayi faɗin hanyar da ke shiga gidanmu, na ce mota tana wucewa. Ni kuma na tambaye shi ko ya san mai fenti gwani.

Duk abin da ya kawo sai na ture. Ya ce a yi daɓe da katako mai kauri, a shimfiɗa robar tsohuwar taya a kai, na ce ai wannan na masu awaki ne, a sa mini farantin ƙarfe sumul mai ɗaukar ido. Ya ce ƙananan tayoyi, don dabba ta hau ba wuya, na ce manya, irin na jif. Ya ce a bar gefuna da tazara iska ta riƙa ratsawa, na ce a rufe ruf, a sa taga ta gilashi mai duhu. Ya ce ƙofar baya ta yi tsawo, in an kwantar da ita ta zama gangare mai sauƙi, na ce za ta ɓata fasali. Da ya zo kan sifirin, kuɗina sun fara ja baya, sai na tambaye shi ko ana ganin sifirin daga waje. Ya ce ba a gani. Na ce a bar shi. Har tayoyin na sa ya matsar gaba, don mai zane ya sami fili. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Kuɗinka ne, Alhaji." Mai zanen kuwa ya yi aiki. Ya zana ingarma akawal ya yi tsaye a kan ƙafafun baya, wanda ya ninka kurun da za a ɗauka sau biyu.

An ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ni ranar na fafe. Ɗan ƙanwar mahaifiyata ke aure a Bichi, da bazara, na ɓoye amalanken ƙarƙashin tamfol har safiyar hawan, don kada a gan shi kafin lokaci. Na yaye, yara suka yi ihu, 'yan majalisa suka ce "kai!" Na samu abin da na biya. Sai aka jawo kuru.

Ya zo bakin ƙofa ya tsaya. Ya shinshina, ya ɗora kofato ɗaya, ƙarfen ya yi ƙara, ya janye. Muka ja ragama, ya kafe. Samari suka tura ta baya, ya zauna. Ban taɓa sanin doki yana zama ba sai ranar. Baffana, ƙanin mahaifina, wanda ya tsufa a bayan jakuna, yana kan tabarma yana kallo. Da ya gaji ya taso, ya zagaya amalanken, ya leƙa ciki, ya ce, "Kai ɗan nan, ɗakin amarya ka yi ko abin ɗaukar dabba?" Sannan ya nuna mini da sandarsa. Ciki duhu ne, don shuɗi mai duhu na sa aka shafa, kuma doki ba ya shiga inda ba ya ganin ƙarshensa. Ƙofar ta yi tsaye saboda tayoyina sun ɗaga daɓen sama. Ƙasan santsi ne, dabba kuwa da kofatonta take tambayar wuri ko zai riƙe ta. Duk wannan a gaban surukina aka faɗa.

Ƙarshenta ɗaukar sa aka yi cak, aka saka. Nan sabon karatu ya fara. Tagogina na gilashi sun yi sama da kunnensa, don da hoton babban doki a kaina na nuna inda za a huda. Zoben ɗauri ma can sama yake, ya rataye masa kai. Muna tashi ya yi fitsari don tsoro, farantin nan nawa mai ɗaukar ido ya zama sulɓi. Ina jin ƙafafunsa suna ta kai-kawo a baya. Ba sifirin, kowane rami sai ya ji shi a gwiwa. Ga nauyi ya koma bayan tayoyi, amalanken yana ɗaga ƙugiyar motar yana kaɗa ta hagu da dama. Daga baya wani likitan dabbobi ya yi mini bayani cewa doki yana ɗora kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyinsa a ƙafafun gaba, da wuyansa yake daidaita tsayuwa in abin hawa na tafiya, kuma sai ya sunkuyar da kai yake iya fyace ƙurar da ya shaƙa. Wanda ya ɗaure shi sama ya hana shi duka biyun. Ya faɗa da ladabi, bai tambayi wane ne ya yi hakan ba.

Ba mu ma kai kwalta ba. A ƙasarmu ba a wasa da taƙi ɗaya na gona, hanyoyin da ke tsakanin gonaki daidai jaki da mangalarsa aka bar su, sai ɗan abin da aka ƙara don mota. Amalankena ya fi motar faɗi. Ya kwashe shingen rogon wani maƙwabci, shingen kuma ya kwashe wutsiyar ingarman da ke jikin fenti. Na kauce, muka nutse a rairayi. Da aka buɗe ƙofa kurun ya jiƙe sharkaf da gumi, jikinsa na rawa. Ɗana ya kama ragamarsa, bai ce mini komai ba, suka koma gida a ƙasa. Shanun huɗa ne suka fid da ni, ina cikin babbar riga.

Kwana biyu ban fita majalisa ba, sai na riƙa zama wurin Baffa, inda a karon farko na dubi amalankensa da idon mai koyo. Abin ba kyan gani, katakon ya yi baƙi, tayoyin na wata matacciyar mota ne. Amma ba ƙusa ɗaya a jikinsa da ba ta da dalili. Faɗinsa faɗin hanya ne. Tayarsa irin wadda kowane mai faci ke da ita ce. Ya daidaita kaya ta yadda jakin ba zai rataye ba, ba kuma zai durƙushe ba. Su Baffa ne mutanen da suka riƙa shiga Birni da jakuna da rani, su kai itace su ɗauko taki, shi ya sa gonakin nan suke ba da amfani kowace shekara ba hutu. Har wani Bature masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, ya yi ta rubutu a kan wannan noman na kewayen Kano tun shekarun 1960. Ni da na karanta shi a makaranta na ci jarrabawa, ban taɓa zaton akwai abin da zan tambayi Baffa ba.

Na koma wurin mai walda, wannan karon da kurun a gaba da igiyar awo. Bai ce "na gaya maka" ba, ya dai daina kirana Alhaji. Ya sauke tayoyin jif ya sa ƙanana, ya mai da su baya kaɗan, yadda kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyi zai kwanta a kan ƙugiya. Ya samo sifirin a wurin 'yan gwangwan. Ya yanke rabin gefunan ya sa sanduna, ya rage faɗi, ya shafa fari a ciki. Katako ya dawo, da robar masu awaki a kai, da 'yar tazara don fitsari ya zube kada ya ruɓar da itace ya cinye ƙarfe. Ya ƙara wa ƙofa tsawo, ya gicciya mata 'yan katakai don kofato ya sami abin kamawa. Ya sa sanda daidai ƙirji, ya naɗe ta da tsumma da roba, ya sauko da zoben, ya bi duk wani kaifi ya goge. Rabin ingarman zane ya tafi a yankan, saura gindi da ƙafafu. Aka ɗan yi kwanaki ana ba kurun abinci a bakin ƙofar, sai ga shi ya bi damin harawa ya shige da kansa.

Tun daga nan nake ganin 'yan'uwana ko'ina, kuma muna da yawa. Ga mai gidan da ya kashe kuɗin magudanar ruwa a kan ƙofar waje mai zanen zinare, in damina ta zo ya riƙa kwalfe tsakar gida da bokiti. Ga jeren kwanukan amarya da ba a taɓa cin tuwo a cikinsu ba. Ga ajin makarantar da aka yi wa fenti ta fuskar titi kawai, yara a ciki suna zaune a ƙasa. Ba na iya yi musu dariya sosai. Na san jama'ar da ke cikin kawunansu, wasu ma tare muke da su.

Amalanken yanzu ba ya kwana a gida. Wannan ya ara ya kai taki, wancan ya kai maraƙi asibitin dabbobi, ranar Lahadi wani ya kai tumaki kasuwar Ɗambatta. Kowa ya dawo da shi sai ya ce yana da daɗin aiki. Ba wanda ya taɓa cewa yana da kyau, kuma gaskiya abin yana damuna. Shekaranjiya na tsaya wurin mai fenti, don gaisawa kawai, hira ta kai mu ga nawa zai maido wa ingarman nan kansa da wuyansa. Na dawo ina lissafi a bayan ambulan, uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, in kuɗi ne suka yi maka yawa, yaron nan har yanzu yana tambayar kekensa."