Zaɓen Murhun Baƙi

Da hunturu ya leƙo Doma, sai magidanta su shiga babbar shawara: wane murhu ne ya dace da tsakar gida idan baƙi sun zo hira?

Ƴan takara uku ne. Akwai kaskon wuta na yumɓu, dattijo mai haƙuri, sai dai yaro ɗaya da ƙwallo ya isa ya yi masa ritaya. Akwai tsohon rim ɗin mota, wanda ya gaji da zirga-zirga tsakanin Doma da Lafiya, yanzu mai walda ya dasa masa ƙafafu. Sai rabin duro, na masu hali, mai cinye rabin buhun gawayi kafin a gama gaisawa.

Maigida zai zagaya, ya duƙa, ya ƙwanƙwasa, ya tambayi asali, kai ka ce manemin ƴarsa yake yi wa bincike.

Sanyin kuwa, da hantsi ya dubi ludayi ya yi sallama. Amma tunda an saya, dole a hura. Baƙi na zaune suna sharce gumi, suna yabon wuta. Hayaƙin ma ya san manya: duk inda babban baƙo ya matsar da kujerarsa, can yake bin sa da gaisuwa.

"Alhaji, wannan murhu sai gidanka!" in ji baƙon, yana share hawaye.

Doyar da ta riƙe su har dare, da manja da yaji, uwargida ce ta gasa a can ƙuryar gida. A kan duwatsu uku da ta tsinto a bakin hanya.