Kindle ba ya karɓar baƙi

A shago an ajiye maka tablet da Kindle, an ce zaɓi, wai duk karatu za ka yi.

Tablet ba shi da aibu sai yawan baƙi. Ka buɗe Magana Jari Ce, kana shafi na biyu, sai WhatsApp ya yi sallama, Facebook ya leƙo, YouTube ya ce taho ka ga wani abu, minti ɗaya kacal. Kafin ka ankara an kira Isha'i, caji ya ƙare, akun littafin bai ko fara labarinsa ba.

Kindle kuwa, tun da Amazon ta fito da shi a 2007, littafi ne babban aikinsa. Allonsa ba ya ƙyalli ko a tsakar rana, caji ɗaya ya kai makonni, NEPA ta yi ta fushinta. Sai dai a ba shi PDF, irin littattafan da ake turowa a guruf, rubutu ya koma ƙwayar gero, ka dinga matse ido.

Ni dai Kindle zan ɗauka. Ko yaran gida ba sa roƙon aronsa, sun duba sun ga babu katun a ciki.