Ɗaya Cikin Ashirin da Huɗu

A Kano, da zarar shekara ta juya, akwai wani zazzaɓi da ke kama iyayen 'yan aji shida ya ƙyale yaran. Sunansa Kwaman Entarans, jarrabawar nan da hukumar NECO ta Minna ke shiryawa don shiga kwalejojin gwamnatin tarayya. Uban da bai taɓa zuge jakar ɗansa ba sai ka ji shi a majalisa yana neman shawara: ta Kano za a cike wa yaro ko ta Daura, yarinya kuma Minjibir ko Kazaure ko Bakori? Ya koma gida ya tambayi ɗan takarar bakwai sau takwas, yaro ya ɗaga kai yana neman amsa a jikin rufin ɗaki. A nan kasuwar masu lesin take ci.

Ni ba malamin makaranta ba ne. A sashen kuɗi na wani ofis nake, aikina ƙirga dukiyar da ba tawa ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 albashi ya daina raka ni tsakiyar wata. Don haka da uwargida ta ce, "Baban Sadik, kai da ke kwana da lambobi kana tashi da su, ga zaure nan ba abin da yake yi sai tara ƙura," ban yi gardama ba. Na ɗauki biro na buga: yara shida, N5,000 kowanne, N30,000 ke nan a wata. Shida na tsayar, domin a cunkoson ajin gwamnati malami ba ya sanin wanda ya gane da wanda ke gyaɗa kai kawai, amma shida kana iya leƙa littafin kowa. Kafinta ya buga mini benci biyu, na shafe falanki da baƙin fenti ya zama allo, na sa lokaci Alhamis da Juma'a bayan la'asar, da yake ba a zuwa Islamiyya, sai Asabar bayan magariba da fitila mai caji.

Ranar farko na ƙirga kawuna na wuce goma. Kowace uwa ta haɗo ɗalibi da ƙannensa, wai "su ma su riƙa ji". Ɗaya daga cikin masu jin a goye aka kawo shi.

Biyan kuɗi kuwa ga yadda ya kasance. Mahaifiyar Auta, ma'aikaciyar jinya, ta ba da na wata uku a dunƙule ba ta ce uffan ba, ɗanta kuma shi ya fi kowa barci a ajin. Ɗan yayata ba a zancen kuɗi. "Ai ɗanka ne," in ji Yaya, magana ta mutu. Liman ya kamo hannun nasa ya kawo da kansa, ya yi mini addu'a doguwa mai ratsa jiki, har iyaye da kakanni ya haɗa, kafin mu shafa na gane an gama biyana. Baban Gambo magini ne, ya ajiye N3,000, ya dubi tsagewar da ke bangon zauren ya ce ragowar in bar masa, kafin damina zai yaɓe mini. Maman Ummi, mai tuyar awara a bakin layi, ta ce ita kuɗi ba sa kwana a hannunta, amma duk ranar lesin za a zo mini da awara, da yajinta da kabejinta. Sai Alhaji, baban Abba, mai shago a Kantin Kwari, wanda motarsa kaɗai ta fi gidana kuɗi.

"Malam, dubu biyar ɗin nan tayi ne ko sallama?"

"Ranka ya daɗe, farashin ke nan."

"Allo ɗaya ne, alli ɗaya, bakinka ɗaya. Ko Abba ya zo ko bai zo ba, sai ka yi maganar nan. To na me zan biya dubu biyar?"

Muka rabu a dubu uku, yana cewa ya yi mini alfarma saboda maƙwabtaka.

Littafin tsofaffin tambayoyi da na sayo a Sabon Gari shi ya fara jawo mini raini. Na karanta musu ta farko, na fassara: wata mata ta sayi lemo biyar a kan N20. Ummi ta ɗaga hannu. "Malam, a wace kasuwa?" Ta gaba ta ce fensir kobo 75. Babu wanda ya taɓa sayen wani abu da kobo a cikinsu. Na yi musu bayani cewa a 2007 ma Babban Banki ya buga tsabar kobo 50 da naira ɗaya da naira biyu. Gambo ya ce ya san ta, da ita ake kankare katin waya a gidansu.

Sai tambayar da kowane ɗan firamare a ƙasar nan ya taɓa cin karo da ita: mutum shida sun gina katanga a kwana goma, mutum goma sha biyu a kwana nawa za su gina? Biyar ake nema. Gambo ya yi shiru yana tauna bayan fensir.

"Malam, jinga aka ba su ko kuɗin yini?"

"Ba ruwanka, lissafa kawai."

"Da ruwana, Malam. In jinga ce, kwana huɗu ma sun tashi. In kuɗin yini ne sai sun ci sati biyu. Baba ya ce da yawan lebura da yawan shan inuwa."

Na duba amsoshin da aka jera, babu gurbin gaskiyar Gambo. Kuma duk wanda ya ce yaran nan ba su iya lissafi ba, bai taɓa miƙa wa Ummi dubu ɗaya a kan awarar ɗari uku da hamsin ba. Kafin ka rufe baki canjinka na hannunka. Amma rubuta mata 1000 a sama, 350 a ƙasa, ka ja layi, sai ta fara, "Sifili ba za a ɗebe biyar ba, sai mu aro ɗaya," ta je maƙwabci ta tarar shi ma sifili ne, ta ɓace a hanya. Lissafin na kanta. Takardar ce ke zuwa da Turanci da farashin zamanin da ba a haife ta ba. Aikin mai lesin, in da gaske yake, shi ne ya nuna wa yaro cewa abin da ke takarda da abin da yake yi a bakin layi abu ɗaya ne.

Ɗan Liman ne ya nuna mini hanya ba da niyya ba. A ɓangaren tambayoyin nan na akwatuna da da'irori, inda ake ɓoye ƙa'ida a ce yaro ya gano, muka iske murabba'i mai gida tara, kowane layi ya tashi 15. "Wannan ai hatimi ne," in ji shi, ya cike guraben kafin in gama zana shi a allo. Na ba su labarin Muhammadu al-Katsinawi, malamin ƙasar nan da ya yi rubutu a kan ƙa'idar irin waɗannan murabba'ai, ya rasu a Alƙahira a 1741. Abba ya tambaya ko shi ma ya ci Kwaman.

Amma da muka zo kan wanda ya ajiye N5,000 a banki, 4 cikin ɗari a shekara, har shekara uku, Ɗan Liman ya ajiye fensir ya harɗe hannu.

"Malam, kuɗin ruwa ne fa."

"N600 kawai za ka fitar, ba cewa aka yi ka karɓa ba."

"An karantar da mu, har mai rubutawa da masu shaida suna ciki."

Na dubi allin da ke hannuna, na dubi shaidu biyar a kan benci. Na goge allo na rubuta zakka: ɗaya cikin arba'in, wato biyu da rabi cikin ɗari. Mai N20,000,000 nawa zai fitar? Ummi ta ce N500,000 ina tsakiyar rubuta sifilai. Ranar har Auta ya farka. Kashi cikin ɗari da ya gagare su sati da sati ya shiga cikin yamma ɗaya, daga baya ma muka lallaɓa muka koma kan na bankin da sunan sanin sharri don a guje masa.

Daɗin wannan nasara ne ya kai ni ga gado. Rabi, rubu'i, sulusi, sudusi, tumuni: duk sun ji su a Islamiyya, ba su dai san su ne 1/2 da 1/4 da 1/3 da 1/6 da 1/8 na boko ba. Na ce mutum ya rasu ya bar 'ya'ya da mata da mahaifiya. Mata na da tumuni, mahaifiya na da sudusi, nawa ya fita? Muka nemi lambar da takwas da shida duk ke shiga, muka sami 24. Uku da huɗu, bakwai cikin ashirin da huɗu. Malaman gado sun daɗe suna wannan aikin kafin a kawo mana allon bango. Ina cikin jin kaina, sai Abba, wanda bai taɓa ɗaga hannu ba sai don neman izinin fitsari, ya ɗaga.

"Malam, in matan su uku ne fa?"

"Tumunin takaba ɗaya ne, shi za su raba. Zo ka yi mana."

Ya fito ya raba 1/8 gida uku, ya rubuta 1/24 da kyakkyawan rubutu. Na sa aka tafa masa.

"In ya ƙara ta huɗu fa?"

"Wannan aikin gida ne," na ce.

Washegari bayan isha'i aka kwaɗa sallama irin wadda ba ta jiran amsa. Alhaji ne, hula a karkace.

"Malam, lissafi na kawo a koya wa yaro ko rabon gadona?"

Ashe Abba ya yi aikin gida, kuma a gida ya gabatar da shi. Ya tarar da Alhaji na cin tuwo, Hajiya na yi masa fifita, ya tsaya ya ce, "Hajiya, in Alhaji ya mutu ɗaya cikin ashirin da huɗu za ki samu. In kuma ya auri Antin nan da muke kai wa leda a mota, ya koma ɗaya cikin talatin da biyu." Hajiya ba ta san da wata Anti ba. Sauran biyun ma ba su sani ba. Alhaji ya ce tun da ya tara su ba su taɓa haɗa baki a kan magana ɗaya ba sai daren jiya, har shayi suka dafa tare.

"Ranka ya daɗe," na ce, "amma dai yaron ya ci lissafin daidai."

"Na san daidai ne! Ni ma na buga a shago. Da kuskure ya yi ai da na ƙaryata shi."

Ya ce kuɗin wata na uku ya riƙe, diyyar barcin da bai yi ba. Ya so ya cire Abba, Hajiya ta ce yaro ba inda za shi, yanzu ma ya fara karatu mai amfani. Ta aiko wa uwargida turmin atamfa, daga shagon Alhaji.

Ana saura kwanaki jarrabawa muka yi bitar riba da faɗuwa. Na ce kowa ya ƙirƙiro tambaya da kansa daga abin da ya sani, tunda dabarar ta karɓe mu. Ummi ta fito da wani ɗan littafi da ta ɗinke da zare, ta karɓi alli.

"Wani malami ya buɗe lesin," ta fara. Benci N14,000. Allo da fenti N6,000. Littafi N4,000. Alli da ruwan leda da biskit ɗin rarrashin ƙanne N6,000. Jimla N30,000. A ina ta samo? Wajen uwargida, wai ta ce mata aikin makaranta ne. Abin da ya shigo: dubu goma sha biyar na maman Auta, shida na Alhaji, uku na baban Gambo, N24,000. "Riba ya ci ko faɗuwa ya yi, kuma kashi nawa cikin ɗari?"

Hannu biyar suka tashi. Faɗuwar N6,000, ashirin cikin ɗari. Ko Auta ya samu.

"Kin manta awara," na ce, don in ɗan rage kunya. "Ai ita ma biya ce."

"Ban manta ba, Malam." Ta juya shafi. Kowace leda an rubuta ta da kwanan wata, har ranakun da na ce a ƙaro ta Sadik. Awara ta tashi N18,000, kuɗin lesin ɗinta na wata uku N15,000. "Umma ta ce ba gaggawa, duk sanda dubu ukun ta samu."

Ranar Asabar ɗin jarrabawa na raka su bakin cibiyar, kowa da fensir biyu da abin gogewa. Na ja Gambo gefe na roƙe shi don Allah, in katanga ta fito, ya ɗauka jinga ce ta mutanen kirki. Da suka fito ya ce ta fito, ramin rijiya ne wannan karon, ya cike abin da suke so duk da dai mutum goma sha biyu ba za su shiga rijiya ɗaya ba.

Bayan an saki sakamako, wata safiya ina shirin fita ofis, sai ga Abba a ƙofar zaure da sabuwar shadda, ya miƙo mini leda, goro da alawa a ciki. Na ce, "Kai, madalla! Ta cin jarrabawa ce?"

"Na ci, Malam. Amma wannan ta ɗaurin aure ce." Ya waiwaya ya rage murya. "Ya zama ɗaya cikin talatin da biyu. Hajiya ta ce in tambaye ka, gidan da suke ciki ma yana shiga lissafin?"