Kaya Masu Æ™arko

Har yanzu kunnuwana zafi suke yi, bari in rubuta tun kafin su huce.

Ni mutum ne mai son tsabta a aiki. In na buɗe shafin da wani ya gina na tarar ya cusa launi da girman rubutu a cikin HTML, ya jera div cikin div cikin div, raina ɓaci yake yi. Aƙidata ita ce HTML ta ɗauki magana, CSS ta ɗauki ado, kowa ya tsaya a gonarsa. Manufar Håkon Wium Lie ke nan da ya kawo shawarar CSS a 1994, kuma ita Dave Shea ya fito da ita fili a 2003 da CSS Zen Garden, inda rubutu guda yake sauya kamanni iri-iri ba tare da an taɓa masa ko harafi ba. Na sha yi wa abokaina wannan wa'azi, har ta kai in na ce "ai tun 1994" sai kowa ya tuna yana da uzuri.

To, wani Alhaji mai shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari ya ba ni aikin shafin shagonsa. Na gama tsaf. Daren da za a wayi gari in nuna masa, sai na tashi yin shara, duk layin da ban ga yana motsa komai ba na kwashe shi. Cikin sharar har da wani ɗan guntun layi da ke can sama, mai ɗauke da charset da utf-8. Na goge, na duba a kwamfutata, komai ras. Na ɗora a intanet, na yi barcin mai gaskiya.

Jiya da la'asar na isa shago na tarar Alhaji ya mai da abin biki. An jona kwamfutata da ƙaton talabijin ɗin da yara suke kallon ƙwallo, an shimfiɗa darduma, an kira maƙwabta. Na miƙe tsaye na yi jawabi. Wallahi na yi jawabi. Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, wannan shafi ko Bature ya leƙa cikinsa ba zai sami datti ba." Sannan na danna.

Hoton shadda ya fito, gwanin kyau. Launin ya zauna daidai. A samansa kuma, da haruffan da na zaɓa musu girma da kaina don a hango su daga bakin layi, ga abin da ke rubuce: Kaya masu Æ™arko, É—inki mai kyau, ba É“ata lokaci.

Shiru.

Yatsana yana nan kan madanni bai ɗago ba. Murmushin jawabin bai gama sauka daga fuskata ba, ina jin sa yana bushewa. Alhaji ya gyara zaman tabarau, ya matso, ya fara karantawa a bayyane da muryar mai karanta takardar gado. "Kaya... masu..." Ya tsaya. Leɓensa ya yi ƙoƙarin haɗa A da E wuri guda, ya kasa. Ya koma farko. "Kaya masu..." Ya sake tsayawa a wurin. Wannan tsayawar ta biyu ita ce ta hana ni barci jiya. Da ya yi faɗa da na ji sauƙi, amma mutumin kirki ne, ɗauka ya yi nasa karatun ne ya gaza.

Ni kuwa na san abin da ya faru tun kafin ya kai "masu". A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙiro a 1992, harafin ƙ bayit biyu ne. In ba a gaya wa manhajar buɗe shafi cewa da wannan tsari aka yi rubutun ba, sai ta koma tsohon tsarin Windows-1252, ta karanta kowane bayit a matsayin harafi mai zaman kansa: na farko Æ, na biyu ™. Haka ɗ da ɓ, kowanne ya rabe biyu. Su a da b da c babu abin da ya same su, masu lanƙwasa kaɗai aka yi wa. A kwamfutata manhajar canka take yi ta dace, a intanet ta ƙi canka. Abin haushin, da na yi irin rubutun ragwaye na sa k da d da b ba lanƙwasa, da yanzu ina gida ina ƙirga kuɗina.

Nan Kawu ya shigo maganar. Dattijo ne maƙwabcin Alhaji, tsohon mai gyaran rediyo, kuma har gobe bai yarda an yi wata na'ura bayan rediyo ba.

"Tashar ce ta goce," in ji shi. "Yaro, murɗa kaɗan. Ka kamo Rasha."

Na ce, "Kawu, ba tasha ba ce."

"To wuta ce. Janaretan nan ba ya ba da wuta cikakkiya. Ka ga haruffan da suka fi nauyi su ne suka kasa tashi." Ya juya wajen yaron shago. "Kai, kashe fanka."

Aka kashe fanka. Muka zauna cikin zafin Kano muna kallon Æ™arko, muna jiran ya tashi. Ni ina ta laluben fayil hannuna na rawa, gumi na ɗiga a madannai, Kawu yana tsaye a kaina yana ba da umarni: in cire batir in hura, in ɗaga kwamfutar sama ta sha iska, in fita da ita bakin ƙofa inda sabis ya fi kauri. Da na ce layi guda ne ya ɓace, sai ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin tebur.

Can wani yaro ya nuna allon ya ce, "Alhaji, wannan 'yar TM ɗin ai irin ta jikin kayan kamfani ce."

Kawu ya miƙe, ya ƙura mata ido, ya jinjina kai. "Ikon Allah. Alhaji, an yi maka rajista. Intanet ta karɓe ka." Aka fara yi wa Alhaji barka. Wani har da addu'ar Allah ya sa a buɗe reshe a Dubai.

Ni dai na mayar da layin, na ɗora, na sabunta shafin. Bai sauya ba, domin manhajar ta ajiye tsohon tana ta maimaita mini shi. Kawu ya ce, "Matsa, yaro." Ya naɗe hannun riga, ya nufi talabijin. Daidai lokacin da na danna Ctrl da F5, daidai lokacin tafin hannunsa ya sauka a gefen akwatin, tas!

Kaya masu ƙarko, ɗinki mai kyau, ba ɓata lokaci.

Shago ya kaure da kabbara. Kawu ya karkaɗe hannu, ya ce tun zamanin rediyo mai batir shida haka ake yi musu, yaran yanzu ne ba sa tambaya. Alhaji ya sa a kawo masa lemo mai sanyi. Shi, ba ni ba.

Ina naɗe waya Alhaji ya sake gyara tabarau, ya duba allon sama da ƙasa, ya kira ni.

"Ɗana, zo nan. Ina rajistar tawa?"